Ƙwayar Hana Amai

Auta ta fito daga bayi tana dafa bango, zufa ta jiƙe mata goshi, idanunta sun kaɗa sun yi ja saboda yunƙuri. Yau ma babu. Ta daɗe a ciki har ƙafafunta suka mutu, amma ko alama.

Gwaggo, ƙanwar mahaifinta da ta riƙe ta tun rasuwar iyayenta, tana tsaye a bakin ɗaki da doguwar riga a hannu.

"An samu?"

Auta ta girgiza kai.

"To ki ƙyale shi, zai zo don kansa. Maza sa rigar nan, uwar Dogo tana hanya. Kin sha ƙwayar?"

"Na sha da safe, Gwaggo."

"Ƙara. Yayanki ya ce biyu-biyu ba ta kisa. In kika yi amai a gaban matar nan mun shiga uku."

'Yan watanni ke nan da wani kumburi ya fito wa Auta a gefen wuya. Aka yi gwaje-gwaje, likita ya ce ciwon daji ne, amma irin wanda yake jin magani in an dage. Aka fara ɗaura mata ruwan maganin da suke kira kemo. Ruwan nan ya kwashe mata gashin kai tas, ya ɗauke mata ɗanɗanon baki, ya bar ta da tashin zuciya. Duk wannan ta jure. Abin da ba za ta iya jurewa ba shi ne ta rasa Dogo.

Dogo kafinta ne, shagonsa yana kallon makarantar da take koyarwa. Shi kaɗai mahaifiyarsa Umma ta haifa, kuma tun farko ba ta so wannan haɗin aure ba, don akwai 'yar aminiyarta da ta daɗe tana yi masa tanadi. Da ƙyar da roƙon arziki ta amince. Ga shi kuma mahaifin Dogo ciwon daji ne ya yi ajalinsa, a hannun Umma, bayan doguwar jinya. Ranar da sakamakon Auta ya fito, Dogo ya tsuguna a gaban Gwaggo yana hawaye.

"Ku rufa min asiri kada Umma ta ji. In ta ji sunan cutar nan, wallahi magana ta ƙare. Ku bari a gama magani, ni zan gaya mata da bakina."

Aka rufa masa. Sai dai Umma ba yarinya ba ce. Da ta ji Auta ta daina zuwa makaranta, sai ta tsiro da ziyarar ba-zata, ta zauna a falo tana ƙare wa komai kallo.

Daga nan gidan ya shiga dabara, kuma kowace dabara ta fi 'yar uwarta wauta. Yaya, ɗan Gwaggo mai kantin magani, ya ce a ninka ƙwayar hana amai da asibiti suka bayar. Gwaggo ta ce ramar ta yi yawa, ta kama ɗura mata burodi da ƙwai da nama da farar shinkafa don ta yi kumari. Ita kuma Auta ta kawo tata gudummawar: ta rage shan ruwa. Bayin gidan sai an ratsa falo ake zuwa, ina ita ina ɗaukar buta a gaban surukarta ana kallonta?

Mafi muni, zuwansu asibiti na ƙarshe nas ta tambaye ta, "Yaya bayan gida, kina samu?" Dogo yana tsaye a gefe riƙe da jakarta. Malamar da take tsawata wa aji guda da murya ɗaya ta sunkuyar da kai ta ce, "Lafiya lau."

Yau an haura mako rabonta da bayan gida. Cikinta ya ɗaure, ya kumbura ya yi tauri, in ta taɓa shi sai ta ji kamar ba nata ba.

Tana fama da rigar, ta ƙi sauka daga ƙirji zuwa ƙugu, Yaya ya yi sallama ya shigo da leda a hannu. Ta yi sauri ta ja mayafi.

"Mama ta gaya min," ya ce yana ajiye ledar a kan gado. "Ga robar da ake ɗura ruwan sabulu ta ƙasa. Baƙi na tafiya Mama ta yi miki, yanzu ki ji sakayau."

Kunya ta kama Auta kamar ta tsaga ƙasa ta shige.

"Yaya, don Allah fita."

"Zan fita. Amma ki saurare ni, Auta. Ni na san komai naki. Na ga kanki ba gashi, na ga amanki, na san halin da kike ciki yanzu haka, kuma ban ji komai ya ragu a zuciyata ba. Shi wancan da kike kashe kanki dominsa, ya san ko zama ba kya iya yi?"

"Bai sani ba."

"To kin gani. Soyayyar da sai an ɓoye mata rabin mutum, ina amfaninta? Ki bar wahalar da kanki. Ki ce kin fasa, ni a shirye nake ko gobe."

"Yaya, tun muna yara nake gaya maka, kai wana ne. Ba zan iya canza wannan ba."

Ya yi wani murmushi da bai kai ido ba.

"Allah Ya kai mu. Ina nan falo."

* * *

Umma tana zaune a kujerar tsakiya, jakarta a kan cinya, Dogo a ƙasa kusa da ƙafarta. Yaya ya jingina da ƙofa. Auta ta fito a hankali, ta ɗaure kanta tam da ɗankwali biyu, ta yafa babban mayafi. Ta zo durƙusawa ta gaida Umma, wani ciwo ya murɗa mata mara, ta dafa hannun kujera. Mayafin ya zame.

Idon Umma ya sauka a kan rigar da ta ɗame cikin, bai ƙara ɗagowa ba.

"Sannu, 'yar nan. Har yanzu zazzaɓin ne?"

"Da sauƙi, Umma."

Gwaggo ta shigo da faranti tana surutun da ba a tambaye ta ba. Ƙamshin soyayyen ƙwai ya bugi hancin Auta. Ta toshe baki, ta yi ta maza, ta haɗiye, ta sake haɗiyewa. Ƙwaya biyun ba su yi mata rana ba. Kafin ta kai ƙofa ta durƙushe ta kelaya amai a kan dardumar.



Umma ta miƙe a hankali ta rataya jakarta.

"Yanzu na gane zazzaɓin. Ta bar aiki, ta shige ɗaki, ga amai, ga wannan da rigar ta kasa ɓoyewa." Ta juya ga ɗanta. "Kai, dube ni. Naka ne?"

Dogo ya zabura.

"Umma! Me kike faɗa haka? Wallahi tallahi ban taɓa ko riƙe hannunta ba!"

"To in ba naka ba ne, na wane ne?"

"Haba Hajiya, ki ji tsoron Allah!" Gwaggo ta saki farantin. "'Yata ce fa, a gabana ta tashi!"

"Ni ma mace ce, na haihu. Juna biyu ba ya ɓoyuwa a idona. In ƙarya nake yi, ku gaya min mene ne. Ga mai sayar da magani nan, ai shi ya san abin da yake kawo mata. Kai, ɗan nan, me ke damun ƙanwarka?"

Duk suka juya ga Yaya. Kalma ɗaya ta ishe shi ya wanke ta. Ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin motarsa.

"Ni dai ba ni da ta cewa, Hajiya."

Auta ta dube shi ta cikin hawaye. A nan ta gane irin son da yake yi mata.

Ta juya ga Dogo. Fuskarsa ta jiƙe, yana girgiza mata kai a hankali, yana roƙonta da ido kada ta faɗa. Shi ma bai san me ya kumbura mata ciki ba, amma ko kaɗan babu zargi a idonsa, tsoro ne kawai. In ta yi shiru, ta zama mazinaciya a idon matar nan har abada. In ta yi magana, ta zama gawar da ake jira. Ko ta ina rasa shi za ta yi.

"Malama," ya ce, don haka yake kiranta, "ki bari, ni zan..."

"Me za ka ce, Dogo? Wace ƙaryar ce ta rage mana?"

Ta kai hannu ta kwance ɗankwalin farko, ta kwance na biyu, ta ajiye su a ƙasa. Kanta fes, ko gashi ɗaya babu.

"Umma, ba juna biyu ba ne. Ciwon daji gare ni, ana yi min magani. Wannan kumburin kuwa..." Ta rufe ido don kada ta ga fuskar Dogo. "Bayan gida ne. Na fi mako ban yi ba. Ƙwayar hana amai na yi ta sha don kada in yi a gabanki, na daina shan ruwa don kada in wuce ta gabanki da buta. Shi ke nan abin da ke cikin nan, Umma. Wallahi shi ke nan."

Jakar Umma ta suɓuce ta faɗi. Ta koma ta zauna jagwab, tana kallon kan Auta, leɓunanta na motsi ba sauti. Ta san wannan kan. Ta taɓa shafa irinsa da mai da hannunta.

Ciwon ya sake murɗowa, wannan karon Auta ba ta iya riƙe ihun ba. Ta kife a ƙasa tana riƙe da ciki.

"Mama, ɗauko ledar nan ta ɗaki," Yaya ya ce da sauri. "A yi mata ɗurin yanzu, ba sai an je ko'ina ba."

Dogo ya sha gabansa. Tsawonsa duka ya miƙe, muryarsa ta canza.

"Kai ka ce a ninka ƙwaya? To ka gama naka. Babu wanda zai ƙara taɓa ta sai likitanta. Gwaggo, kama ta, bari in tsayar da mota."

* * *

A asibiti aka ɗauki hoton cikin, aka ɗebi jini, aka ɗaura mata ƙarin ruwa. Likita ya ce Allah Ya taimaka hanjin bai toshe ba, amma an kusa. Nas ɗin da ta tambaye ta kwanaki, wata gajeriyar mata mai faɗa da tausayi a haɗe, ta tsaya a kanta da ƙaramin kofi.

"Ke ce mai lafiya lau, ko? Buɗe baki."

Wani ruwan magani ne mai kauri da zaƙi. Auta ta yamutsa fuska ta haɗiye.

"Wannan zai tausasa shi. Ki ji ni da kyau, ƙanwata. Ita kanta kemo tana sa hanji kasala, ƙwayar hana amai ma haka. Ke kuma kin ninka ta, kin bar ruwa, kin kwanta ba motsi, ana ɗura miki burodi da ƙwai. Me kike so hanjin ya yi?"

Gwaggo ta kawar da kai tana gyara zaninta.

"Robar ɗurin nan kuwa, ku gode wa Allah ba ku yi ba. Ƙwayoyin jinin da ke kare ta sun yi ƙasa, ƙaramin rauni a wajen nan sai ya jawo zazzaɓin da za mu rasa yadda za mu yi. Daga yau ruwa, ruwa, ruwa, musamman mai ɗumi da safe. In cikin ya saki, ki dinga cin gwanda da lemu da ganye da wake. Ki tashi ki taka ko da a baranda ne. In za ki zaga ki ɗora ƙafafunki a kan 'yar kujera, ya fi sauƙi. In kika kwana biyu shiru, ki kira mu. Mu nan tambayar bayan gida gaisuwa ce, ba abin kunya ba."

Dogo yana bakin ƙofa, duk ya ji. Auta ta ja bargo ta rufe fuska.

"Malama, buɗe," ya ce a hankali.

"Ba zan iya kallonka ba."

"Saboda bayan gida? Ashe ni kike jin kunya har kika kusa kashe kanki? Ni da na sa ki ɓoyon tun farko?" Ya matso kusa da gadon. "Da wani abu ya same ki, da ni na yi. Ki yafe min."

"Umma fa?"

Ya kawar da kai. Wannan ya ishe ta amsa.

Sai washegari da hantsi abin ya zo. Ta daɗe a bayin ɗakin, ta sha azaba, ta ciji leɓe har ya fashe, sannan Allah Ya kawo sauƙi. Ta fito tana tura ƙarfen da aka rataya ƙarin ruwanta, tana kuka tana dariya, jikinta sakayau. Ba ta taɓa sanin mutum zai iya gode wa Allah a kan wannan abu har haka ba.

Ta buɗe baki za ta kira Gwaggo, sai ta ja ta tsaya.

Umma ce zaune a bakin gadon, ita kaɗai, idanunta sun kumbura. Ta tsiyayo ruwan ɗumi daga flas ta miƙa mata.

"Sha. Uban Dogo ma haka nake ba shi kowace safiya."

Auta ta karɓa ta sha.

"Na yi miki ƙazafi jiya, 'yar nan. Ban runtsa ba. Ki yafe min don Allah."

"Na yafe, Umma. Wallahi na yafe."

Zuciyar Auta ta fara buɗewa, har ta soma ganin haske. Sai ta ga Umma ta zame daga gadon ta durƙusa a kan gwiwoyinta, a gabanta, a kan simintin asibiti.

"Umma! Don girman Allah ki tashi!"

"Ba zan tashi ba sai kin ji ni. Na yi jinyar ubansa, na san hanyar nan tun daga farkonta har ƙarshenta. Na ga yadda take cin mai ciwo, na ga yadda take cin mai jinya. Yaron nan yana ƙarami ya ga ubansa yana narkewa, ya shekara ba ya dariya. Shi kaɗai gare ni. Ba zan iya ganin ya sake tsayawa a bakin irin wannan gadon ba."

"Likita ya ce nawa yana jin magani, Umma. Ya ce zan warke."

"Haka suka ce min ni ma." Hawaye suka zubo mata. "Ina yi miki addu'a ki warke, Allah shaida ne. Amma ki sakar min ɗana. Ni in na hana shi, zai tsane ni ya bi ki. Ke in kika ce masa kin daina sonsa, zai yi kuka ya haƙura. Ga ɗan uwanki yana sonki. Ki taimake ni, 'yar nan, ki faɗa masa da bakinki."

Auta ta riƙe ƙarfen nan da hannu biyu don kada ta faɗi. Da zagi Umma ta zo da shi, da ta san yadda za ta yi. Amma uwa ce a durƙushe tana roƙo, kuma babu ƙarya a cikin hawayenta.

Aka turo ƙofa.

Dogo ne, garin katako a gashin kansa, da wata 'yar kujera sabuwa fil a hannu, gajeriya daidai ɗora ƙafa. Murmushin da ya shigo da shi ya ɓace da ya ga mahaifiyarsa a ƙasa.

"Me ya faru?"

Umma ta ɗago ta kafe Auta da ido. Auta ta juya ta dubi Dogo.

"Dogo, Umma ta roƙe ni in ce maka na daina sonka." Ta fashe da kuka. "Umma ki yafe min, ba zan iya ba. Ina sonsa. Ban san ko zan warke ba, ban san ko zan rayu ba, amma wannan na sani. Ga ki ga shi. In ya bi ki, wallahi ba zan riƙe shi a zuciya ba."

Dogo ya ajiye kujerar, ya sunkuya ya kama kafaɗun mahaifiyarsa ya ɗaga ta ya zaunar a bakin gado. Ya share mata hawaye da hannun rigarsa.

"Umma, ke kika tsaya wa Baba har ƙarshe. A wajenki na gani."

Ya juya ya kama ƙarfen ƙarin ruwan.

"Malama, nas ta ce ki taka. Mu je."

Suka fita baranda, shi a gaba yana tura ƙarfen a hankali, ita a baya tana jan ƙafa. Ba su yi nisa ba muryar Umma ta biyo su daga bakin ƙofa, a dishe.

"Ka dawo! In ka kai ƙarshen barandar nan da ita, kada ka sake tako min gida!"

Masu jinya suka ɗago suna kallo. Auta ta ja ta tsaya cak.

"Dogo, koma. Don Allah ka koma, uwa ce."

Bai waiwayo ba. Ta ga kafaɗunsa suna girgiza, ta san kuka yake yi, amma ƙafarsa ba ta tsaya ba. Ƙarfen yana hannunsa, robar da ta fito daga jikinsa tana maƙale a hannunta, ta fara miƙewa tana jan fatarta.

Auta ta ɗaga ƙafa ta bi shi.